Sanin Asali: Yadda Ake Binciken Tarihin Gida da Maganin Wahalolinsa

In aka tambayi yawancin mutanenmu sunan kakansu, nan da nan za su faɗa. In aka ce su faɗi sunan uban kakan, sai a ga wasu sun fara sosa kai. Kafin a kai kaka na huɗu kuwa, sai dai a ce, "Allah ya ji ƙan magabata." Wannan rashin sani yana da illa. Kullum a kotunan alƙalai ana shari'ar gado da ta gona, kuma galibi abin da ke tsawaita su shi ne babu wanda zai iya jera zuriya daidai. Rigingimun sarauta ma a kan salsala suke tashi. A wajen aure akwai bukatar a san waɗanda suka sha nono ɗaya, a kuma san irin cututtukan da ke bin jinin gida, kamar amosanin jini. Saboda haka aka shirya wannan bayani domin nuna wa jama'a yadda za su bi sawun kakanninsu. An ɗauki ƙasar Lafiya ta Jihar Nasarawa a matsayin misali, domin kusan kowace wahala da mai bincike zai gamu da ita a Nijeriya akwai irinta a can.

Abin da ya sa aka zaɓi Lafiya

Lafiya mahaɗar jama'a ce tun asali. Bisa tarihin masarautar, Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari ne suka kafa garin wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa tsofaffin takardu ke kiransa Lafiyar Barebari. Sun tarar da Migili da Alago da Gwandara a yankin, ga Eggon a duwatsun arewa, ga Tibi a kudu. A ƙarni na 19 Lafiya tana bin Bauchi, alhali Keffi da Nasarawa suna bin Zazzau. A zamanin Sarki Mamman Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta bunƙasa, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Loko a bakin Binuwai. Fatake daga Kano da Katsina da Zariya suka yi ta zuwa, wasu don gishirin Awe da Keana, da yawansu kuma suka yi aure suka zauna. Da hanyar jirgin ƙasa ta ratso daga Makurɗi ta bi ta Lafiya zuwa Kafanchan wajen 1927, sai Ibo da Yarbawa da sauran ma'aikata suka ƙaru. Don haka gida ɗaya a Lafiya yana iya haɗa jinin kabilu uku ko huɗu, tushensa kuma ya bazu garuruwa masu nisa.

A fara daga gida

Ka'idar farko ita ce a tashi daga abin da aka sani a nufi abin da ba a sani ba. Kada ka fara da neman wani jarumi da aka ce ya zo daga Gabas. Fara da kanka. Sami littafi mai ƙarfin bango, ka rubuta sunanka da na iyayenka, da inda aka haifi kowa, da sana'arsa, da matansa ko mijinta, da 'ya'ya bi da bi har waɗanda suka rasu suna ƙanana. Sa'an nan ka hau zuwa kakanni. Ka tuna iyayenka biyu ne, kakanninka huɗu, iyayensu takwas, na gaba da su 16. Wanda ya bi layin uba kaɗai ya bar mafi yawan danginsa a baya.

Bayan haka sai ka nufi tsofaffi, ka kuma fara da wanda ya fi kowa shekaru, domin takarda tana iya jiranka, tsoho kuwa ba shi da tabbacin gobe. Ka je da goro da ladabi, ka nemi izini kafin ka ɗauki magana da rakoda ko wayar hannu. Kada ka sa wa tsoho magana a baki. Maimakon ka ce, "Baba, ashe daga Barno muka zo?" gara ka ce, "Baba, me kuka ji manya suna faɗi game da inda muka fito?" Ka ga kowa shi kaɗai, domin a gaban babba ƙarami ba ya musu. Kowane labari ka rubuta sunan wanda ya faɗa, da ranar, da wurin wanda shi kuma ya ji.

Kada a raina tsofaffin mata. Su ne suka san auren da ya mutu, da ɗan da aka ba riƙo, da wadda ta shayar da wane. Labarin da Baba ta Karo ta bai wa Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, wanda aka buga a 1954, har yau masana suna dogara da shi wajen sanin zaman gidan Hausawa, ita kuwa ba ta taɓa shiga makarantar boko ba.

Wahalar sunaye

Abin da zai fara rikita mai bincike shi ne suna. A al'adarmu mutum ɗaya yana iya amsa sunaye uku: na yanka, da na alkunya, da laƙabin sana'a ko sarauta. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, yaron da ya ci sunan kakansa kuma sai a riƙa ce masa Abba ko Baba. Ta haka sunan yanka yakan ɓace, jikoki su tashi ba su taɓa jinsa ba. Ga kuma sauye-sauyen suna ɗaya. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, wurin Fulani Buba, wurin Barebari Bukar. A'ishatu ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu, Faɗimatu ita ce Binta, a Barno kuwa Falmata. In ba a lura ba sai a rubuta mutum ɗaya sau biyu, ko a haɗe kaka da jika masu suna ɗaya a mai da su mutum guda.

Amma laƙabi yana da amfani ga mai lura. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai suna faɗin ranar haihuwa. Ɗan'azumi an haife shi cikin Ramalana. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye, Auta shi ne na ƙarshe. In ka ga Sani ko Salisu ko Rabi'u, to, ka nemi Muhammadun da suka gabace shi a ɗakin.

Sai kuma sunan da makaranta da aikin gwamnati suka kawo. Da can ba mu da sunan gida irin na Turawa. Da aka shiga rubuta ɗalibai, wasu aka sa musu sunan uba, wasu na mai riƙonsu, wasu na garinsu, kamar Malam Aminu Kano da Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Shehu Shagari. Don haka 'yan'uwa ciki ɗaya suna iya ɗaukar sunaye dabam, mutum biyu masu amsa "Lafiya" ko "Doma" kuma ba lalle su haɗa jini ba. Maganin wannan shi ne a keɓe wa kowane mutum shafi guda, a jera dukkan sunayensa, a riƙa haɗa shi da sunan ubansa da na uwarsa.

Wahalar shekaru

Kafin Dokar Tilasta Rajistar Haihuwa da Mutuwa ta 1992, wadda ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, mutane ƙalilan ne a karkara suke da takardar haihuwa. Shekarun da ke jikin takardar rantsuwa ta kotu yawanci kintace ne, wasu ma an rage su don makaranta ko aiki. Dabarar da malaman ƙidaya suka daɗe suna yi ita ce auna haihuwa da wani babban abu da kowa ya tuna. Ga waɗansu da za su yi amfani a ƙasar Lafiya: kisan Kyaftin Moloney da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya yi a 1902, naɗin Sarki Musa na Lafiya da Turawa suka tabbatar a 1903, annobar mura ta 1918, buɗe gadar Makurɗi a 1932, yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, samun mulkin kai a 1960, komawa tuƙi hannun dama a 1972, fitowar naira a 1973, da rasuwar Janar Murtala a 1976. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne. Sarki Isa Mustafa Agwai ya hau gadon Lafiya a 1974 ya rasu a 2019, aka naɗa Mai Shari'a Sidi Bage Muhammad a wannan shekarar.

A tambayi tsoho abin da yake iya yi lokacin da abin ya faru. In ya ce yana kiwon awaki, ba a yi masa kaciya ba, to, shekarunsa wajen shida ne ko bakwai. In tsohuwa ta ce tana goyon ɗan fari, sai a kintata daga nan.

A gidajen malamai akan sami ranar haihuwa ko rasuwa a rubuce da ajami a bangon littafi, da shekarar Hijira. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, watau shekara 33 na Hijira daidai suke da 32 na Miladiyya. Don juyawa, raba shekarar Hijira da 33, ka ɗebe abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali 1321: in an raba da 33 a sami 40, a ɗebe saura 1281, a ƙara 622 ya zama 1903. Lissafin yana iya kuskurewa da shekara guda.

Akwai kuma awo mai sauƙi na gane salsalar da ta yi giɓi. Tsakanin uba da ɗa akan ɗauki kimanin shekara 30. In aka ce maka kakanku na uku ya zo tare da Dunama, sai ka lissafa: fiye da shekara 200 ba za su shiga cikin mutum huɗu ba. An tsallake sunaye ke nan, kuma galibi waɗanda ba su yi sarauta ko suna ba ne ake mantawa.

Ina takardun suke?

Mutane da yawa sukan je sakatariyar Lafiya neman tsofaffin takardu su komo hannu wofi, don ba su san sau nawa ƙasar ta sauya uwar gijiya ba. A farkon mulkin Turawa Lafiya tana cikin Lardin Nasarawa. A 1926 aka mai da ita Lardin Binuwai mai hedkwata a Makurɗi. A 1967 ta shiga Jihar Binuwai da Filato, a 1976 ta zama cikin Jihar Filato, duka biyun da hedkwata a Jos. Sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafiya ta zama babban birni. Saboda haka takardar aikin kakanka tana iya kasancewa a Makurɗi ko Jos ko Kaduna, gwargwadon shekarar da aka rubuta ta.

Babbar taska ita ce Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a Ibadan a 1954 ƙarƙashin Dokta Kenneth Dike. Reshensa na Kaduna ne ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa. A ciki akwai rahotannin da Razdan da Di'o suka rubuta lokacin kimanta haraji, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da dagatai da tarihin kafuwarsu, da fayilolin naɗin hakimai, da na shari'u da iyakoki. A Kaduna kuma akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mai da cibiyar bincike a 1970, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kusa da gida, sassan tarihi na Jami'ar Tarayya ta Lafiya da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suna ajiye kundayen ɗalibai a kan garuruwan jihar.

Sai a yi hattara da rubutun Turawa. Sukan rubuta Arago a maimakon Alago, Koro a maimakon Migili, Munshi a maimakon Tibi, Eggon kuma sukan haɗa su da Mada. Wanda ya nemi sunan yau kaɗai zai wuce fayil ɗin da yake nema. Kuma abin da Bature ya rubuta ta bakin tafinta ya ji shi, wani lokaci daga mai neman sarauta. Kasancewar magana a takarda bai mai da ita gaskiya ba.

Ban da waɗannan, a duba littattafan rabon gado na kotunan alƙalai, domin a nan ake jera mata da 'ya'ya da sunayensu na yanka. A duba rajistar shiga makarantar firamare, da takardun haraji da jangali na zamanin En'e, da takardar sallama ta tsohon soja, da fasfon aikin hajji. Iyalan Kirista su nemi littattafan baftisma da na aure. Darikar Katolika ta Lafiya sai a ƙarshen 2000 ta sami bishop nata, don haka tsofaffin littattafai suna majami'un da aka yi hidimar ko a Makurɗi. Ikilisiyoyin da suka fito daga mishan ɗin SUM, kamar ERCC mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga, su ma suna da nasu.

Waɗanda suka tafi ba su komo ba

Kusan kowane gida yana da wanda aka ce "ya shiga duniya". A bi hanyoyin da mutanen zamaninsa suke bi. Fataken goro sun zauna a zangunan Gwanja, kamar Salaga da Kumasi, da yawa kuma sun komo a 1969 lokacin da gwamnatin Gana ta kori baƙi. Mahajjatan ƙasa sun yada zango a Cadi da Sudan. Garin Mai Wurno a bakin kogin Nil jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Wasu sojojin Bama kuma da suka dawo sun zauna a barikokin Kaduna da Zariya da Legas. A irin waɗannan wurare a fara da Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango da limamin unguwa, domin su ne suka san zuriyar baƙi.

Abin da ba a son faɗi

Wata wahalar ita ce shirun da dangi ke yi da gangan. A ƙarni na 19 ƙasashen Binuwai sun sha hare-haren kama bayi, mutane da yawa aka raba su da garuruwansu aka sake musu suna. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A Kaduna akwai rajistar waɗanda aka 'yanta, wadda sau da yawa take nuna kabilar mutum da inda aka kamo shi. Wajen 1909 mishan ta buɗe gidan renon 'yantattun yara a Rumasha, watau Umaisha ta Jihar Nasarawa a yau. Wanda ya tarar da irin wannan a gidansu kada ya ji kunya, domin zalunci ne aka yi wa kakansa. Wanda kuma ya gano na gidan wani, ya rufa asiri. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan Nijeriya hakki saboda kabilarsa ko yanayin haihuwarsa.

Akasin shiru shi ne ƙari. Gidajen sarauta da yawa suna kai salsalarsu Yamal ko Bagadaza ko Misira. A rubuta irin wannan labari yadda aka ji shi, da girmamawa, amma a ware shi daga abin da aka tabbatar. Maroƙa da mawaƙan fada suna riƙe da jerin sunaye masu amfani, sai dai sana'arsu yabo ce, ba sa ambaton wanda aka tuɓe ko wanda ya gudu. Ka'ida ita ce kada a karɓi magana sai ta zo ta hanya biyu da ba su haɗu ba. Tsagar fuska a tsohon hoto, da wasan barkwanci irin na Barebari da Fulani, da sana'ar gado kamar ƙira ko rini, duk alamu ne masu nuna inda za a nufa, amma ba su isa hujja su kaɗai ba.

A zamanin nan akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi da yawu. Yana iya nuna kusancin jini tsakanin mutum biyu da yankin da zuriya ta fi yawa, amma ba ya faɗin sunan kaka ko garinsu. Yana kuma iya tono abin da zai raba zumunci, don haka a yi shawara da manya kafin a shiga.

Adana abin da aka samu

Gara da ɗanshi da gobara sun cinye tarihin gidaje masu yawa. A ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta sunayen mutanen da ke cikin tsofaffin hotuna a bayansu da fensir, a ajiye na asali cikin akwatin ƙarfe nesa da ƙasa. A yi kwafi uku a raba wa gidaje dabam-dabam. A ranar salla ko biki, lokacin da dangi suka taru, a karanta abin da aka rubuta domin masu gyara su gyara. Daga yau kuma kowane jariri a yi masa rajista a ofishin Hukumar Ƙidayar Jama'a, a rubuta sunansa na yanka da na iyayensa daidai, domin jikoki su huta da wahalar da muke sha.

Wanda ya bi wannan aiki da gaskiya zai tarar danginsa sun fi yadda yake zato yawa, kuma wasunsu suna cikin kabilun da yake ɗauka baƙi ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, kada ka bari makon nan ya wuce ba ka je gaishe su da littafi da alƙalami a hannu ba.